Sifirin Mai Allura

Duk wanda ya ce maka harbin allurar barci wasa ne, ka ce masa direban gidan namun daji ya ce ƙarya yake yi. Ni ban taɓa jan kunamar bindiga ba, nawa tuƙi ne da ɗaukar kaya, sai surutu, wanda uwar 'ya'yana ta ce shi ne babbar sana'ata. Amma na daɗe ina bin wanda ya iya aikin, kuma yayan matata ne. A wurin aiki Mai Allura ake ce masa. Ni Yaya nake ce masa, tunda ƙanwarsa ce a ɗakina, ba yadda na iya.

Aikinsa shi ne, idan dabba ta ji ciwo ko za a sauya mata keji, Likita, wato likitar dabbobinmu, ta haɗa maganin barci ta ɗura a allura, shi kuma ya harba daga nesa. Bindigar ba ta harsashi ba ce, iska ce ke tura allurar. A samanta akwai madubin saiti, idan ka leƙa ciki za ka ga layi biyu sun gitta juna, inda suka haɗu nan ake so allura ta sauka. A jikin madubin kuma akwai wasu 'yan ƙarafa biyu masu kama da murfin kwalba, mu kunnuwa muke ce musu. Kunnen sama shi ke ɗaga harbi ko ya sauke shi, na gefe kuma dama da hagu. Duk murɗawa ɗaya za ka ji ƙas, kuma an zagaye kowanne da lambobi, daga sifiri ake farawa.

To wannan sifirin shi ne rayuwar Yaya. A bayan sitonmu ya jingina wata tsohuwar katifa, ya zana mata baƙin tabo da fenti. Daga bakin rumfa zuwa katifar nan ya saita bindigarsa, har allura ta riƙa sauka a kan tabon, sannan ya daidaita lambobin kunnuwa suka tsaya a sifiri. Idan dabba ta fi haka nisa, allura nauyi gare ta, tana yin ƙasa a hanya, sai ya murɗa kunnen sama gwargwadon nisan. Da ya harba kuwa, kafin ya je duba dabbar, kafin ya amsa sannun kowa, sai ya mayar da kunnen sifiri. Duk ranar Litinin da safe kuma sai katifa ta sha allura, don ya tabbata bindigar ba ta sauya ra'ayi ba.

Na sha yi masa tsiya. Na ce, "Yaya, wannan katifa me ta yi maka? Ko ɓarawon akuya an yi masa afuwa haka."

Ba ya dariya. Sai ya ce, "Direba, kai idan sitiyarinka ya karkace, kana da hanya mai tsawo da za ka gane. Ni harbi ɗaya gare ni."

Mutum ne mai ban haushi, gaskiya. Magana sai ka ja ta da igiya. Idan ka riƙe masa akwatin bindiga ka ɗan jijjiga, kallon da zai yi maka ya ishe ka abincin rana. Amma ban taɓa ganin ya huda dabba a ciki ko a ƙashi ba. Cinya yake nema, cinya yake samu.

Matarsa tela ce, kuma ita ce kishiyar halinsa, tana taka keke tana hira da mutum uku a lokaci guda. Allah bai ba su haihuwa ba. Sun yi yawon asibiti har suka gaji, suka rufe maganar, mu ma muka rufe. Sai wata shekara damisar gidan namun dajinmu ta haihu ta ƙi 'yar, ko kallonta ba ta yi. Likita ta ce sai an samu mai tashi ba ta madara dare da rana. Ni na kai su gida a mota, Yaya na rungume da kwalin sabulu, abu na ta kuka a ciki. Matarsa ta leƙa ta ce, "Wannan kyanwar fa?" Ya ce damisa ce. Ta ce, "To ai sai ka shigo da ita, sanyi ake yi."

Ita ta sa mata suna Auta. Na ce, "Anti, ana auta ba a yi na fari ba?" Ta ce in rufe mata baki in miƙo bulumboti. Tun daga ranar unguwa ta koma kiranta Maman Auta, kuma wallahi ban taɓa ganin sunan da ya yi wa mace daɗi haka ba. Auta ta yage labule, ta yage kujera, ta yage atamfar wata mai kawo ɗinki har aka yi rigima a ƙofar gida. Da ta yi ƙarfi, dole aka mayar da ita keji. Maman Auta ta yi kuka har muryarta ta dushe. Daga nan duk ƙarshen mako sai ta zo, ta zauna a benci gaban kejin da ɗinkin hannu, tana ba damisa labarin unguwa, ita kuwa ta kwanta ta manna kunci a jikin waya.

Ranar da abin ya fara lalacewa, wani gwanki ne ya saƙale waya a ƙafa, ya gudu can ƙetaren tafkin da ke cikin filin. Duk dabarar da muka yi ya ƙi matsowa. Yaya ya kwanta a kan bonet ɗin motata, ya dinga murɗa kunnen sama, ƙas, ƙas, ƙas, har na ce masa zai tsinke shi. Bai taɓa harbi mai nisan haka ba. Ya harba, ya samu. Gwanki bai gama tangaɗi ba wayata ta yi ƙara, don shi kashe tasa yake yi idan yana aiki. Matata ce, tana ihu, wai Anti ta faɗi a kan keken ɗinki, an wuce da ita asibiti, ba ta magana.

Na faɗa masa. Da idona na ga hannunsa ya tafi kan kunnen nan, yana tafiya zuwa ƙofar mota yana murɗawa baya. Ya duba, ya ga sifiri, ya sa bindiga a akwati ya miƙa wa Likita. Ko a wannan halin bai manta ba. Na yi gudun da ban taɓa yi ba, amma kafin mu isa an riga an ja mata mayafi.

Ba zan yi dogon bayani a kan zaman makoki ba, kowa ya san shi. Yaya ya zauna a tabarma yana amsa gaisuwa da kai. Ba ya ci, ba ya kuka, ƙanwarsa ta yi lallashi har ta koma faɗa. Litinin ta zo ta wuce, katifa ba ta ga kowa ba. A wurin aiki kuma aka ce Auta ta rage cin nama, tana ta zagaye keji.

Ana haka wata safiya, bayan an kwana ana iska, reshen wani tsohon itace ya karye ya danne wayar saman kejinta. Kafin masu shara su ankara, ta haye reshen ta tsallake katanga. Likita ce ta kira ni, numfashinta na sarƙewa. Ta ce in ɗauko Mai Allura duk halin da yake ciki, ita za ta taho da bindiga da magani.

Na same shi a tsakar gida, zaune kusa da keken ɗinkin da aka lulluɓe da zane. Na ce, "Yaya, Auta ta fita." Ya ɗago. Tun rasuwar ban ga idonsa ya tsaya a kan mutum ba sai lokacin. Ya ce, "An kira 'yan sanda?" Na ce ai su suka riga kowa. Bai ko sauya riga ba, da silifas ya shiga mota.

Ba ta yi nisa ba. Bayan titin da ke gefen gidan namun dajin akwai wani kangon bene mai hawa uku da aka bari ba a gama ba, ba ƙofa ba taga. Ta hau can hawa na ƙarshe ta kwanta a bakin baranda, wutsiya na lilo. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne katangar da ke bayan kangon, don makarantar firamare ce. An kulle yara a azuzuwa, iyaye sun cika titi, mata na kururuwa, masu ɗaukar hoto da waya sun hau kan motoci. 'Yan sanda sun ja igiya, uku daga cikinsu na riƙe da bindigogi na gaske.

Shugabansu wani Sufeto ne mai furfura, kuma ba zan ci amanarsa ba, mutum ne mai hankali. Ya ce, "Malam, an ce kai ka raine ta. Muddin tana sama, na ba ka lokaci. Amma idan ta doshi katangar can, kada ka ga laifina. 'Ya'yan mutane ne a ciki."

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ba za ta sauko ba. Maganin yana ɗan ɗaukar lokaci kafin ya kama, ku dai kada kowa ya yi motsi."

Allura uku Likita ta iya haɗawa, maganin da ya rage ke nan. Muka hau rufin wani shagon walda da ke fuskantar kangon, ni ina riƙe da akwatin allurai. Yaya ya auna nisan da ido, bai fi daga rumfa zuwa katifa da kaɗan ba. Ya duba kunnen sama, sifiri. Ya duba na gefe, sifiri. Ya ɗan ƙara ƙas biyu, ya kwanta, ya sa ido. Auta na kwance, cinyarta a fili, ko makaho ya samu. Na ce a raina an gama.

Ya harba. Sai muka ji ƙarar kwano, ƙwaram! Allurar ta wuce can saman kanta ta doki wani kwanon rufi da aka jingina a bango. Auta ta zabura, ta yi gurnani, ta faɗa cikin ginin. Titi ya kaure da ihu.

Na ce, "Yaya, lafiya?"

Ya kalli hannunsa. Na san abin da yake tunani, wai rashin ci da rashin barci ne suka sa hannun rawa. Ya ce in ba shi ta biyu. Muryarsa ba tasa ba ce.

Can sai ga Auta ta ɓullo a hawa na biyu, a ramin wata taga ta gefe, tana leƙen ƙasa, kunnuwa a kwance. Sufeto ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ta sauko fa!" Yaya ya cire hularsa ya naɗe, ya ɗora bakin bindiga a kai don kada ta motsa. Ya ja numfashi ya riƙe. Ni kuwa duk addu'ar da na sani na karanta, har da wadda ban iya ƙarshenta ba.

Ta biyu ma sama ta yi. Ta doki kan tagar, siminti ya zubo mata a baya. Auta ta yi tsalle ta ɓace.

Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Wannan tsohon ba ya gani, a harbe ta kawai!" Na juya na ɗura masa zagin da ba zan maimaita a nan ba. Likita ta riƙe kai da hannu biyu. Yaya kuwa ya zauna daɓas, ya ɗora bindigar a cinya, yana kallon kunnen sama. Ya ce, "Duk biyun wuri ɗaya suka tafi. Da hannuna ne, da sun warwatsu. Wannan ba hannu ba ne." Sannan a hankali ya ce, "Gwanki."

Nan ni ma na gane. Lambobin kunnen nan a zagaye suke, irin na fuskar agogo, sha biyun rana da sha biyun dare ba ka bambance su da ido. Ranar gwanki ya murɗa har ya wuce zagaye guda cur. Da ya zo mayarwa, hankalinsa na asibiti, sifirin farko da ya gani ya tsaya. Lamba ta ce sifiri, amma bindigar na sama da zagaye ɗaya. Da ma bai mayar ba sam, da ya buɗe akwati ya ga wata lamba ya tuna. Kuma da katifa ta sha allurar Litinin, da ta tona asiri.

Na ce, "To mayar da zagaye ɗayan mana, Yaya! Me kake jira?"

Ya ce, "Idan ba haka ba ne fa? Idan an buga madubin ne a mota? Saura ɗaya, Direba. Ba zan harbe ta da zato ba."

Hanya ɗaya ce ta tabbatarwa. Ya san cewa idan ya murɗa kunnen ƙasa har ya ƙi tafiya, daga nan zagaye biyu ne zuwa sifirinsa na gaskiya. Sai ya fara saukewa yana ƙirga zagayen. Ƙas-ƙas-ƙas, yatsunsa na santsi da gumi, yana gogewa a riga yana ci gaba. Ban taɓa jin ƙarar da ta ci mini rai irin wannan ba. Ji nake kamar in fizge bindigar in jefe damisar da ita. A ƙasa Sufeto na kira, "Malam! Malam, ina take? Ba ma ganinta!" Yaya bai ɗago ba, bakinsa kawai ke motsi.

Kunne ya tsaya. Ya ce, "Uku. Zagaye uku na sauke." Ya sake kama hawa, ya yi biyu, ya tsaya a sifiri. Ya miƙo hannu, na sa masa allurar ƙarshe.

Lokacin Auta ta riga ta sauko ƙasa. Ta fito ta gefen kangon, ta tsaya a kan tarin yashi, tana haki, ta rasa inda za ta bi. Gabanta mutane, bayanta gini, gefenta katangar makaranta, kuma katangar ba ta fi tsalle ɗaya a wurinta ba. 'Yan sandan nan uku duk sun ɗaga bindigogi. Yaya ya ƙwala kira da muryar da ban san yana da ita ba, "Ranka ya daɗe, don girman Allah! Na gano matsalar! Ɗaya kawai!" Sufeto ya ɗaga hannu ya tsayar da yaransa.

Sai Yaya ya kira ta. Ba ihu ba, irin kiran da ake yi mata a gida. "Auta. Auta, yarinya." Ta juyo da kai tana neman inda muryar take, ta ba shi gefe. Ya harba.

Na ga jan gashin wutsiyar allurar ya tsaya cak a tsakiyar cinyarta. Likita ta yi ƙara, ni na rungume akwati ina cewa ya samu, ya samu. Yaya ya miƙe tsaye a kan rufin, hannu biyu a sama, yana roƙon jama'a, "Ku yi shiru! Ku ja baya! Yanzu za ta kwanta, ku ba ta lokaci kaɗan!"

Ina! Wa zai ji? Mutane suka ga an samu, suka ɓarke da sowa da tafi, wasu suka tsallake igiya don su ɗauki hoto. Da a hawa na uku allurar ta same ta, da can za ta yi tangaɗinta ta kwanta ba wanda ya dame ta. Amma nan ƙasa take, ga zafin allura, ga mutane na matsowa. Ta yi baya, ƙafafunta sun fara harɗewa. Ta juya ta doshi wuri ɗaya da ba kowa, wato katanga. Ta yi tsalle, ƙarfinta bai kai ba, ta kama saman katangar da ƙafafun gaba tana ƙoƙarin jan jikinta. Daga can ciki muka ji ihun yara.

Sufeto ya sauke hannunsa. Bindigogi suka tashi.

Ban san yadda Yaya ya sauka daga rufin nan ba, ni dai na gan shi yana gudu ba silifas. Da na isa, yana zaune a gindin katanga, ya ɗora kanta a cinyarsa, jini ya jiƙa masa wando. Ya zare allurar ya ɗaga ta yana dubawa. Ba ko ɗigo a ciki, maganin duk ya shiga. Ya nuna wa Likita, ya nuna wa Sufeto, ya ce, "Kun gani? Ya shiga. Barci ta fara ji."

Sufeto ya cire hularsa. Ya ce, "Malam, ka yafe mini. Ba ni da yadda zan yi."

Yaya ya ce, "Ba kai ba ne, ranka ya daɗe. Tana sama ta jira ni har sau biyu."

Na tsuguna kusa da shi. Yana shafa mata wuya, sai ya juyo ya dube ni ya ce, "Direba, yanzu me zan je in ce wa mamanta?" Ya faɗi haka tsakaninsa da Allah, sai da maganar ta fita sannan ya tuna. Na ga lokacin da ya tuna. Nan ne kukan da bai yi ba tun daga asibiti ya zo masa, a gaban 'yan sanda da masu ɗaukar hoto da kowa, ni ma na taya shi, ban ji kunyar uban kowa ba.

Mu huɗu muka ɗauke ta muka sa a bayan mota, Likita ta lulluɓe ta da tamfol. Na buɗe wa Yaya ƙofar gaba, ya girgiza kai, ya hau baya ya zauna kusa da ita. 'Yan sanda suka buɗe mana hanya. Na tayar da mota, ban kai ga kwanar titi ba na ji yana ƙwanƙwasa gilashin bayana. Na leƙo.

Ya ce, "Bi a hankali, akwai ramuka."

Na bi a hankali.